Baba, Ranar da Muka Buɗe Kafiretar Taguwa

Zuwa ga mahaifina, Malam Abdu Direba, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga mahaifi, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai mu nan muna lafiya, sai dai tsufa da ya zo ya shimfiɗa tabarma, ba shi da niyyar tashi.

Dalilin wannan takarda, wani jikana ne mai aikin gareji a Damagaram ya zo gaishe ni, cikin hira ya ce mini motocin yanzu ba su da kafireta. Na ce to me ke haɗa musu mai da iska? Ya yi dariya, ya ce ina na san wannan. Na buɗe baki zan ba shi labari, sai na ji kai nake son yi wa maganar, don kai kaɗai ka san nauyin ranar nan kamar yadda na san shi. Wanda ya leƙo ya karanta, bismillah, ba asiri ba ne.

Ka tuna Taguwa. Tsohuwar motar soja ce da ka saya a gwanjo, ka sa mata wannan suna saboda yadda take ratsa rairayi kamar raƙuma. Da ita ka yi ta kwasar gyaɗa da hatsi daga ƙauyukan Ollelewa zuwa babbar hanya, har yanar ido ta rufe maka gani. Daga nan Kawu Garba, ƙanin Inna, ya karɓi tuƙin. A soja ya koya. Tuƙi kam ya iya, amma cikin mota bai san komai ba, ga hannunsa yana rawa tun da ya dawo daga yaƙin Faransawa.

Bayan cinikin gyaɗa na shekarar, Taguwa ta fara baƙin hayaƙi tana tari, rannan ta mutu a ƙofar gida. Ka sunkuya ka shinshina, ka ce kafireta ce, ko karbirater kamar yadda kake kiranta irin na mutanen gareji. Ka sa aka cire batir aka ajiye a ɗakinka bisa katako, ka ce a jira mai zuwa Damagaram ya taho da makanike. Ba a sami mai zuwa ba. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa.

Sai bazara ta shigo da sanƙarau. 'Yan shekaru ke nan da samun mulkin kai. Maza sun watse cin rani, har da Mamman mijina, shi ya sa na dawo gida da 'yata Rakiya, lokacin tana fara famfarar haƙori. A unguwarmu an riga an ɗora yara biyu a raƙumi zuwa gidan likita na Tanut. Tafiyar kwana biyu ce cikin wannan rana. Babu wanda ya kai da rai.

Da yamma Rakiya ta ce kanta na ciwo. Wayewar gari jikinta ya yi zafi kamar kasko, tana amai, tana kau da fuska daga haske. Ka lallaba bango ka shigo ɗakin Inna, ka durƙusa, ka sa tafin hannunka a ƙeyarta ka ɗaga kaɗan. Wuyan bai lanƙwasu ba. Jikin gaba ɗaya ya taso kamar itace, ta yi ƙara. Ka mayar da kan a hankali. Ba ka ambaci sunan ciwon ba. Cewa ka yi, "Hawa, ɗauko mini akwatin ƙarafa, ki aika a kira Garba."

Kawu ya buɗe gaban mota, kana tsaye kana gaya masa abin da zai kwance. Noti ɗaya ya ƙi motsi, sai da aka jiƙa shi da kananzir aka jira. Wannan ne jiran farko na ranar. Daga bisani ya ciro kafiretar ya kawo tsakar gida da hannu biyu, baƙa ƙirin, girmanta kamar kan rago, tsohon mai da rairayi sun daskare a jikinta.

Ya ɗauki turnabis, wato sukudireba, zai kwance murfin, bakin ƙarfen ya yi ta zamewa daga kan kusa. Ka saurara, ka ce ya ajiye. Ka juyo wajen da kake jin numfashina ka ce, "Hannun da ke jan zare a mazari bai tsinka ba, shi zai buɗe wannan. Zauna." Na ce Baba ban taɓa ba. Ka ce, "Ni na taɓa. Ido da yatsu kawai za ki ara mini."

Ka nemi farin ƙyalle a shimfiɗa bisa tabarma, don ƙananan ƙarafa su fito sarai a idona. Aka duba gidan, babu farin ƙyalle sai yadin da ka saya ka ajiye na likkafaninka. Inna ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta ce ita ba za ta ga an shimfiɗa wannan a tsakar gida ba, yarinya na kwance. Ka ce naka ne, kai ka saya, kuma yau ba ka da bukatarsa. Na ɗauko na shimfiɗa. Maƙwabciyarmu da ta shigo duba jiki ta hango farin yadi a ƙasa, ta dafe ƙirji ta fara salati, sai da Kawu ya yi mata bayani. Daga baya Inna ta wanke shi har ta gaji, tabon mai bai fita ba, aka sayi wani.

Ka ce duk abin da na cire in fara sa shi a tafinka, sannan in jera shi daga dama zuwa hagu kamar rubutun allo, in mun zo mayarwa sai mu karanto daga hagu. Haka muka yi. Kowace kusa sai ka murza ta tsakanin yatsu, ka gaya mini inda take zama da abin da take riƙewa. Muryarka ba ta tashi ba, ba ta sauka ba. Daga ɗaki kuwa ina jin nishin Rakiya da muryar Inna tana tofa mata addu'a.

Da murfin ya tashi, na ga 'yar tukunyar da mai ke taruwa a ciki. Gindinta ya cika da jan laka kamar busasshen kunu, da rairayi. A tsakiya akwai wata 'yar gorar tagulla, ba ta fi ƙwan kaza ba. Ka ce fulota ke nan, ita ke yawo a kan mai, in tukunya ta cika ta taso ta rufe ƙofa. Na sa maka a hannu. Ka kai ta kunne ka girgiza. Ni ma daga inda nake na ji ruwa na motsi a ciki. Ka ce, "Ga ɓarawon nan. Ta huje, ta sha mai ta nutse, ƙofa ba ta rufuwa, injin ya shaƙe."

Na ji daɗi, na ɗauka mun gama. Ashe farawa muka yi.

Ka sa na ɗebo ruwan zafi a ƙwarya, nesa da murhu, na danna gorar a ciki da tsinke. Ka ce in zuba ido. Na duba har idona ya yi ruwa, ban ga komai ba. Ka ce in juya ta. Can a jikin ɗinkin da ya haɗa ɓangarorinta biyu sai ga kumfa ƙanana suna fitowa a jere, kamar ƙwan kifi. Na yi wa wurin alama da ƙaya. Kawu ya tafi da gudu bakin gari ya kira Gumar, maƙerin Buzaye mai yi wa mata zobba da 'yan kunne.

Gumar ya zo da 'yar jakarsa ta fata, ya duba, ya ƙara buɗe hujin kaɗan ya tsiyaye man. Sannan ya ajiye gorar bisa dutse a rana, ya gyara rawaninsa ya zauna. Na ce ya liƙe mana mana. Ya ce in ya kai wuta kusa da ita yanzu, fashewa za ta yi a hannunsa, kuma babu wata irinta tsakanin nan da Damagaram. Ka ce gaskiya ya faɗa. Na dubi gorar nan tana shan rana, na dubi ƙofar ɗakin Inna, na ji kamar in ɗauki 'yata in yi ta gudu da ƙafa.

Ba ka bar ni na zauna da tunani ba. Ka sa na jiƙa tsamiya, na zuba ƙananan kusoshin tagulla masu huji a ciki, waɗanda kake kira jiklar, ta inda mai ke bi ya shiga injin. Hujinsu bai kai kafar allura ba, kuma duk sun toshe. Da suka jiƙa na zaro allura daga ɗankwalina zan zura. Ban san yadda ka ji ba, sai dai hannunka ya kama nawa. Ka ce allura za ta faɗaɗa ƙofar, mota ta koma shan mai fiye da kima, ga shi jarka ɗaya muke da ita. Aka tsinko gashi daga izgar dokin maigari. Da shi na yi ta zurawa ina jawowa. Kowace na gama sai in ɗaga ta wajen rana in gaya maka ko hasken ya fito da'ira, kai kuma ka sa a baki ka busa kana sauraro. Wata ka karɓa. Wata ka mayar mini, ka ce da saura.

Sannan ka ce a wanke jikin kafiretar duka, ciki da waje, da kananzir, a goge da toka mai laushi. A nan ne haƙurina ya ƙare. Na ce Baba ciki na yarda, amma waje fa, wa zai gani, biki za mu kai ta? Ka ce dattin waje shi ke faɗawa ciki lokacin rufewa, kuma in akwai tsaga a jikin ƙarfen, a ƙarƙashin dattin take ɓuya. Ka ce, "Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta tsayar da mu a dajin da babu rijiya. Gara mu makara a gida da mu tsaya a can."

Na goge ina kuka, hawaye na ɗiga a kan tokar. Na tankaɗe toka da ƙyalle don kada tsakuwa ta karce, na naɗa tsumma a tsinke na bi kowane lungu. Baƙin ya yi ta fita, ƙarfen ya fito fari-fari kamar sabuwar tasa, har wasu rubuce-rubucen Nasara suka bayyana a gefe. Ka bi ta da yatsu daga sama har ƙasa, a hankali, ka sake bi. Ba mu sami tsaga ba. Amma ba mu da hanyar sanin haka sai da muka goge.

Da hantsi ya yi nisa, maigari ya aiko da raƙuminsa, an ɗaura masa sirdi da salkar ruwa. Ɗan aiken ya tsaya a zaure ya ce in za a tafi a tafi yanzu. Matan da suka taru a tsakar gida suka fara magana ƙasa-ƙasa, amma ina ji. Wata ta ce makaho da mace sun zauna suna wasa da ƙarfe, yarinya na mutuwa. Wata ta ce ko raƙumin bai kai ba, an dai yi ƙoƙari, mutane sun gani. Inna ta fito, idanunta sun yi ja, ni kawai take kallo.

Kai ma ka ji su. Ka ajiye abin da ke hannunka ka ce, "Hawa, 'yarki ce. Ban yi miki alkawarin motar nan za ta tashi ba. In kin ce raƙumi, raƙumi ne, ba wanda zai zarge ki."

Na shiga ɗaki. Rakiya ta gantsare, kanta ya koma baya, leɓunanta sun bushe. Na kira ta, ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Kaina." Na tuna yaran nan biyu da aka dawo da su naɗe a tabarma bisa raƙumi. Na fito na ce wa ɗan aiken ya yi wa maigari godiya. Na koma na zauna gaban farin yadin. Ka lallaba ka ɗauki abin da ka ajiye, muka ci gaba.

Gumar ya hura 'yar wutarsa can gefe, ya ɗora ɗigon dalma a hujin. Ya kawo maka. Ka auna ta a tafin hannu, ka ce ta yi nauyi, za ta sake nutsewa. Ya kankare, ya kawo. Ka ce da saura. Ya sake kankarewa har dalmar ta zama kamar ɓawon albasa. Muka mayar da ita cikin ruwan zafi, na zuba ido ina riƙe numfashi. Babu kumfa.

Mun fara mayar da kaya ke nan abin da ban manta ba ya faru. Akwai wata 'yar ƙwallon ƙarfe, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, wadda ka ce ita ke tare mai kada ya koma baya in direba ya taka. Tana tsakanin yatsuna zan jefa ta a raminta, sai Rakiya ta ƙwala wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, Inna ta kira sunana. Na zabura. Ƙwallon ta kuɓuce, ta yi tsalle a bakin tabarma, ta faɗa rairayin tsakar gida.

Na tsaya tsakanin ɗaki da tabarma, ban san inda zan nufa ba. Ka ce, "Kowa ya tsaya inda yake, kada a ɗaga ƙafa." Kowa ya tsaya cak. Ka ce in je in duba yarinya, in bi ta gefen bango. Jikinta ne ya sandare yana karkarwa, Inna na riƙe da ita, sannan ya saki. Tana numfashi. Na fito na gaya maka. Ka tambaye ni ta wane gefe na ji ƙwallon ta faɗi, ka sa Kawu ya zana da'ira da sanda.

Matan nan da suka yi magana ɗazu, su ne suka kawo rariya. Kowace ta aika gidanta. Suka durƙusa a bakin da'irar suna ɗibar rairayi da tafi suna tankaɗewa a faifai, kamar masu shirin tuwon biki. Rana ta take tsaka, gumi na zuba. Ana samun tsakuwa, ana samun ƙwayar hatsi, kowace sai a kawo maka ka murza ka yar. Gwaggo Dije, wadda ta fi kowa tsufa, wadda ita ce ta ce muna wasa da ƙarfe, ita ta ga wani abu na ƙyalli a gindin rariyarta. Ta kawo a tafinta ta rufe da ɗaya hannun. Ka sa a harshe ka juya, ka ce ita ce. Gwaggo ta koma gefe ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Saura takardar da ke shiga tsakanin murfi da tukunya don kada mai ya yoyo. Tsohuwar ta ruɓe, ta marmashe tun da muka buɗe. Ka sa aka kawo kwalin sukari, na ɗora shi a bakin tukunyar, ka nuna mini yadda zan bi gefen ƙarfen da 'yar guduma ina bugawa a hankali har kwalin ya yanke da kansa. Na farko ya yage a hannuna. Kwalin da ya rage bai fi na gwaji ɗaya ba. Ka ce in ajiye gudumar, in sha ruwa, in wanke fuska. Na yi. Na biyu ya fita lafiya. Muka shafa masa mai muka shimfiɗa.

Ka yi azahar a zaune nan bakin tabarma. Ka sallame muka ci gaba, muna karantowa daga hagu. Kowace kusa sai ka ɗora hannunka a kan nawa ka ji ƙarfin da nake ɗaurewa, ka ce ya isa. Da yadin ya zama babu komai a kansa sai tabo, ka shafa shi da tafi daga wannan gefe zuwa wancan, don ka tabbata ba mu bar kome ba.

Kawu ya ɗora kafiretar a mazauninta, tana ƙyalli a tsakiyar baƙin injin kamar baƙuwa. Aka mayar da batir. Ka cire jar hularka ka ce a tace man jarka da ita. Batir ba shi da ƙarfin tayarwa, sai Kawu ya zura ƙarfen juyawa a gaba. Ya juya, shiru. Ya juya, shiru. Ya yi ta juyawa har rigarsa ta jiƙe, ya tsaya yana haki. Raƙumin maigari kuwa tuni aka sauke masa sirdi. Ban iya kallon kowa ba.

Ka sa na ɗiga mai kaɗan a bakin kafiretar da murfin kwalba. Kawu ya juya. Sai wata ƙara kamar bindiga, wuta ta yi tsalle daga bakin, shuɗiya da ja. Mata suka watse. Kawu ya tuɓe rigarsa ya danne wutar, warin ƙonannen yadi ya tashi. Na ɗauka aikin yini ya ƙone. Ka matso ka shafa ƙarfen, gashin hannunka ya babbake, ka ce, "Ta yi magana. A sake."

Ya sake. Taguwa ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sannan ta kama. Kaji suka fito daga ƙarƙashinta a guje. Amma tana rawa tana neman mutuwa. Ka kama hannuna da turnabis ka kai shi kan wata kusa a gefe, ka karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Kana cewa ƙara kaɗan, ƙara, tsaya, mayar rabi. Ina juyawa ina jin muryar injin na sauyawa a ƙarƙashin hannuna, har ta daidaita, hayaƙin ya washe. Ka ce, "Ɗauko yarinyar."

La'asar ta kusa muka bar gari. Ni da Inna muna baya, mun kafa zana ta yi wa Rakiya inuwa, kanta a cinyata, ina jiƙa tsumma ina shafa mata. Kai kana gaba kusa da Kawu, ina hango ƙeyarka ta 'yar tagar baya, babu hula. Kowane rami muka faɗa sai Rakiya ta yi nishi, ni kuma in ji daɗin nishin, don alama ce tana nan.

A wani faffaɗan kwari mai zurfin rairayi, inda babu ko inuwar aduwa, injin ya yi tari. Ya sake yi. Motar ta rage gudu, ƙafafunta na nutsewa. Na ga ka miƙa hannu ka dafa gwiwar Kawu ka danna. Daga baya ya ce mini cewa ka yi kada ya ɗaga ƙafa ko sama za ta faɗo. Taguwa ta yi gurnani, ta ja jiki kamar mai rarrafe, ta haye. Inna ta saki hannuna, sai a lokacin na ga farcenta ya shiga fatata.

Rana na faɗuwa muka hango tudun Tanut. An kafa rumfunan zana a bayan gidan likita don masu sanƙarau, cike da mutane. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya karɓi Rakiya daga hannuna bai tambayi ko sunanta ba. Ya lanƙwasa ta ya ɗebi ruwa a bayanta da allura, ruwan ya fito gurɓatacce kamar tsarin gero. Ya yi mata allura nan take. Ya ce yanzu sai abin da Allah ya yi. Kai kana tsaye a bakin rumfa riƙe da sandarka, ka ƙi zama har aka ce ta yi barci.

Ta tashi, Baba, ka sani. Zafin ya sauka, wuyan ya saki, ta nemi fura. Muka dawo gida ana ta barka. Sai wata safiya tana zaune a tsakar gida, ka fito kana yi mata wasan da ka saba, kana cewa ina amaryata, yau ba za a ba miji ruwa ba? Ba ta juyo ba. Ka ƙara ɗaga murya. A daidai lokacin tasa ta suɓuce daga hannun Inna ta faɗi a bayanta, kowa ya zabura, akuya ta tsinke igiya. Rakiya na ta wasanta da kara. Ka tambaye ni me ya faru. Kafin in faɗa, ka gane da kanka, ciwon ya tafi da jinta.

Da damina ta sauka, wata rana muna zaure mu biyu ina ɓarar gyaɗar iri, ka ce, "Hawa, da mun bar gogewar nan mun tashi da hantsi, kina jin kunnen zai tsira?" Na ce ban sani ba, Baba. Ka ce kai ma haka. Ba ka sake tambaya ba har ka bar duniya, amma na san tambayar ba ta bar ka ba, don tun daga ranar ka daina kiran ta da ƙarfi, kuma in an yi maganar Taguwa sai ka sauya zance.

Na tambayi likitoci a Damagaram bayan rasuwarka. Wani ya ce mai yiwuwa, wani ya ce ciwon kan ɗauke ji tun a farkonsa, ko a ƙofar likita mutum yake. Har yau amsata ita ce waccan, ban sani ba. Abin da na sani, ni na zaɓi in zauna gaban yadin nan, kuma da za a mayar da ni ranar, wurin zan koma in zauna. Kada ka ɗauki wannan kaya kai kaɗai. Tare muka goge.

Na yi ta jin tsoron yadda za ku yi, kai ba ka ganin hannunta, ita ba ta jin muryarka. Ita ta samo hanya. Ta hau cinyarka wata yamma kana lazimi, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronka. Ka tsaya. Ta bubbuga ƙirjinka, alamar ka ci gaba. Ka ci gaba. Daga nan kullum sai ta zo, kai kuma ka yi ta ba ta tatsuniya daga farko har ƙarshe, ba ka rage komai, har da muryar kura da ta gizo. In ka yi muryar kura maƙogwaronka kan yi rawa sosai, ita kuma ta yi ta dariya har ta faɗo. Fuskarta a lokacin, Baba, babu wani abu a cikinta sai murna da kai.

Yanzu ita ma furfura ta cika kanta. Ta yi aure a Belbeji, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, tabarmin da take saƙa har daga Tanut ake zuwa saye. Kowa a gidan yana da alamar da take kiransa da ita. Taka ita ce yatsu biyu a maƙogwaro. Jiya ta same ni da takarda, ta tambaye ni da hannu wa nake rubuta wa. Na ɗora yatsu biyu a wuyana. Ta daɗe tana kallona, sannan ta zauna kusa da ni ta buɗe tafukanta sama. Don haka addu'ar nan ta mu biyu ce.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya haskaka kabarinka, ya mayar maka da ganinka a inda babu yana, ya yafe maka kurakuranka. Allah ya jiƙan Inna da Kawu Garba da Gumar da Gwaggo Dije, da yaran nan biyu da ba su kai Tanut ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu da ku a inuwa ɗaya. Amin.

Na bar ka cikin amincin Allah.

'Yarka,
Hawa